Rigar Da Ba A Taɓa Wankewa Ba

Daren ranar da aka yanke wa Guguwa hukunci, Auta ta ji wata irin ƙara da ba ta taɓa jin irinta a layinsu ba. Ƙiiii, sai a tsaya. Ƙiiii, sai a sake tsayawa. Ta ɗauka kukan wata dabba ne, ta kuma ce ko tayar amalanke ce ta rasa mai. Amma abin ya fi kama da a ce an ciro ƙofa daga gidanta ana janta a kan titi, mai jan kuma yana tsayawa ya yi numfashi.

Tana kwance ne a ɗakin da ke bayan shagonta na wanki da guga, tsakanin ƙullin kayan da yayarta ta wuni tana ɗaurewa. Da hantsi motar kaya za ta zo ta kwashe su, ita da dutsen gugarta da bahonta da teburinta, zuwa garin da Yaya take aure. Haka Yaya ta yanke, Auta kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ta tsallake ƙafafun Yaya ta leƙa ta tsagar taga. A ƙarƙashin fitilar titi ta ga ɗiyar mai askin layinsu tana jan wani ƙaton firam mai gilashi da ya fi ƙarfinta. Ta jawo shi har bakin shagon, ta jingina shi da ƙofa. Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙofar kamar za ta ƙwanƙwasa, ta daɗe a haka, sannan ta juya ta koma gida.

Ko ba a faɗa ba, Auta ta san abin da ke cikin firam ɗin. Duk wanda ya tashi a layin nan ya san shi.

Guguwa ɗan layin ne. Ƙwallo ta kai shi ƙasashen da mutanen layin ba su iya faɗin sunansu daidai. Ranar da ƙungiyarsa ta ci kofi, jar rigar da ya buga wasan da ita ya kawo wa mai askin da ke yi masa aski tun yana ɗan ƙanƙane, ya sa hannu a ƙirjinta da baƙin biro. Mai aski ya sa aka yi mata firam ya rataye a saman madubi. Tun daga ranar ruwa bai taɓa ta ba. Koren ciyawa yana nan a kafaɗa, taɓo yana nan a baya, har da ɗigon jinin da ya zubo daga leɓensa. Ba wanda ya san wa ya fara faɗa, amma kowa ya yarda cewa ranar da aka wanke rigar nan, sa'ar layin za ta bi ruwa. Mai zuwa jarrabawa yakan biyo ya shafi gilashin. Mai neman aiki ma haka. An taɓa ganin wata mata ta kawo kazarta da ta daina ƙwai ta goga mata baki a jiki. Mai aski ko gilashin ba ya gogewa sai da busasshen tsumma.

Da ciwon gwiwa ya hana Guguwa wasa, sai ya dawo gida ya buɗe makarantar koyon ƙwallo, aka ba Auta wankin rigunan makarantar. Wata rana da yamma ta kai kaya ɗakin ajiya, ya shigo bayanta ya murɗa makulli. Daga can ba gida ta nufa ba, asibiti ta je, daga asibiti ta wuce wajen 'yan sanda. Manyan layin sun yi ta sintiri a shagonta, wannan ya ce ta rufa masa asiri, wancan ya ce ta rufa wa kanta. Da suka ga ba ta da niyya, sai masu kawo wanki suka fara zuwa suna karɓe kayansu, wasu ma da kumfa a jiki. Yau da rana alƙali ya ce ya tabbata Guguwa ya yi mata fyaɗe, ya ɗaure shi shekara bakwai. Da ta dawo daga kotu ta gai da mutanen da ke zaune a bakin shagon aski, ko ɗaya bai amsa ba.

Ita kuwa ɗiyar mai aski, ta taɓa aiki a makarantar, tana karɓar baƙi a bakin ƙofa. Tun kafin abin ya sami Auta ta bar aikin rana ɗaya, ba ta faɗa wa kowa dalili ba, daga nan maganarta ta ragu har mutane suka saba da shirunta. Auta ta koma ta kwanta tana tunanin wannan, barci bai sake zuwa ba.

Da gari ya waye Yaya ce ta fara buɗe ƙofa. Firam ɗin ya kusa faɗo mata a ƙafa.

"Innalillahi! Auta, zo ki ga tarkon da aka ɗana miki. Kada ki taɓa shi! So suke su ce kin yi sata, a kai ki inda aka kai shi."

Auta ta fito tana ɗaura ɗankwali. Ta durƙusa ta dubi rigar ta cikin gilashi, ta ga fuskarta a kan lambar da ke jikin rigar.

"Yaya, a wane ƙulli kika sa babban baho?"

"Baho kuma? Na me?"

"An kawo wanki."

Tun zamanin mahaifiyarsu haka shagon yake aiki. Mai sammakon fita yakan ajiye kayansa a bakin ƙofa kafin a buɗe, ba sai ya yi magana da kowa ba, kuma abin da aka tarar a bakin ƙofa shi ake fara wankewa. Auta ta kwance ƙullin da Yaya ta sha wahalar ɗaurewa, ta ciro baho da burushi da sabulu. Ba ta kai su bayan shago inda ta saba wanki ba. A bakin titi ta ajiye, ta cika bahon da ruwa, ta kifa firam ɗin ta shiga tanƙwara ƙusoshin bayansa da bakin almakashi.

Da katakon ya ɗago, wani wari ya taso, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Matattun ƙananan ƙwari suka zubo daga cikin wuyan rigar. Yaya ta toshe hanci.

"Ashe abin da ake ta shafa ke nan," in ji ta.

Kafin Auta ta miƙe, sai ga mai aski a guje, tawul a kafaɗa, takalmi ƙafa ɗaya. Bayansa ga tela, ga mai gyaran agogo da matarsa, ga mutumin da aka yi wa rabin aski ya biyo su da mayafin askin a wuya. Nan da nan layi ya cika.

"Ɓarauniya!" mai aski ya daka tsawa. "Kin kai mana yaro gidan yari bai ishe ki ba, sai kin fasa mini shago?"

"Ina kwana, Baba. An fasa maka ƙofa ne?"

Ya yi turus. Ƙofarsa lafiya lau ya same ta, a kulle da makullinta.

"To wa ya kawo miki?"

Auta ta ɗaga kai. Can bayan taron, jikin sandar fitila, ɗiyar mai aski tana tsaye ta naɗe hannuwa cikin mayafi. Auta ta kawar da ido daga kanta da sauri.

"Ka san mu ba ma tambayar mai kaya, Baba. Kai ma wandunanka nawa na tsinta a bakin ƙofar nan, ban taɓa sa a yi shela ba?"

Wani ya yi dariya daga baya, aka harare shi ya haɗiye ta.

Tela ya matso yana lallashi. "Auta, 'yar ƙanwata, ki ji tsoron Allah. Abin da ya faru ya faru, an kuma biya miki buƙata. Wannan ba ta shi ba ce yanzu, ta layi ce. Idan ruwa ya taɓa ta, mu duka za mu ji a jikinmu."

"Kawu, shekarun nan da take rataye a bushe, ni ma a layin nan nake. Ina tawa sa'ar ta maƙale?"

Ba ta jira amsa ba. Ta kama rigar ta kafaɗu biyu ta tsoma ta cikin baho.

Wata mata ta ƙwala ihu kamar an tsoma ɗanta. Wani saurayi ya yunƙuro zai fizge bahon, sai ya tarar da Yaya a gabansa da dutsen guga a hannu, ita da ɗazu take cewa kada a taɓa.

"Matso, ɗan albarka," in ji Yaya. "Matso in goge maka goshi, na ga ya yamutse."

Saurayin ya koma inda ya fito.

Auta ta shiga aikinta kamar kullum. Ta fara da wuya, ta koma hammata, ta cuɗa kafaɗar da ke da koren ciyawa a kan gaɓar hannunta. Ruwan ya yi launin ƙasa, sannan ya yi wani ja-ja. Baƙin biron da ke ƙirji ya fara sakin jiki, ya miƙe siriri cikin ruwa kamar hayaƙi, ya yi ta kewaya bahon kafin kumfa ta rufe shi. Tana cuɗawa tana magana, ba ta ɗaga murya ba, amma har na bayan taro yana ji.

"Na tsaya gaban alƙali na faɗi abin da ko uwata da tana raye ba zan iya gaya mata ba. Lauyansa ya tambaye ni kalar zanen da na ɗaura, ya tambaye ni me ya sa ban yi ihu da ƙarfi ba. Duk kuna zaune a bencin baya kuna ji. Na amsa. Yanzu kuma riga ce ba za a taɓa ba?"

Ta zubar da ruwan farko a kwata, ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa har ruwan ya fita fes. Ta matse rigar, ta kaɗe ta sau biyu har ruwa ya fantsama a fuskar tela, ta shanya ta a igiyar bakin shago ta dafe ta da maƙalai.

Mutane suka tsaya suna kallo. A cikin firam rigar tana da kwarjini. A kan igiya kuwa sai ga ta 'yar ƙaramar jar riga da ta koɗe, da huji a hammatar hagu wanda ba wanda ya taɓa sanin yana nan, saboda ninkin ya ɓoye shi. Mutumin da aka yi wa rabin aski ya ɗaga kai ya dubi sama, kamar yana jiran wani abu ya faɗo. Wata motar haya ta wuce abinta. Mai aski ya zauna a kan dakali ya dafe kai.

Ana cikin haka motar kaya ta shigo layin tana hon. Direban ya leƙo ta taga.

"Nan ne gidan da za a tashi? A fara lodi, ina da wani aikin."

Yaya ta ajiye dutsen guga ta jawo Auta gefe. "Kin huce, ko? To alhamdulillahi. Shiga mota. Bayan abin da kika yi yau, ko ruwa ba za su sayar miki ba a layin nan."

"Ina da shanya a igiya, Yaya."

"Shanyar banza! Ki bar musu tsiyarsu."

"Kin taɓa ganin Inna ta tafi ta bar shanya? Sai ta bushe, a goge ta, mai ita ya zo ya karɓa."

"Mai ita sai bayan shekara bakwai!"

"To ina nan."

"Auta, ba wanda zai sake kawo miki ko hankici. Me za ki ci?"

"Shi aka ce ya yi laifi, Yaya, shi aka ɗauke. Ni ban ji inda alƙali ya ce in tashi ba." Ta juya wajen direban. "Malam, yi haƙuri, an fasa. Allah ya ba da kasuwa."

Direban ya yi tsaki, ya yi ta ƙoƙarin juya mota a cikin mutane. Yaya ta tsaya tana kallon ƙanwarta, idonta ya kawo ruwa. Can ta shiga ciki, aka ji tana kwance ƙullin kaya tana mita, wai ita ce baiwar gidan, ta ɗaure ta kwance.

Taron bai watse ba tukuna lokacin da aka ga ɗiyar mai aski ta fito daga gidansu. Ba wanda ya lura da shigarta. Tana rungume da ƙullin kayan sawarta, ta ratsa ta tsakiyar mutane, ta wuce ta gaban ubanta, ta ajiye ƙullin a bakin ƙofar Auta a gaban kowa. A tafin hannunta na dama akwai sabon yanka irin na bakin gilashi, ba ta kuma ɓoye shi ba.

"Ba sauri nake ba, Yaya Auta," in ji ta. Waɗansu a wurin sun manta yadda muryarta take.

"Za ki samu jibi," in ji Auta. Ta ɗauki ƙullin ta ajiye kusa da baho.

Mai aski ya ɗago kai ya dubi hannun ɗiyarsa, ya dubi firam ɗin da ke kife a ƙasa. Ita kuwa ba ta koma gida ba, ta zauna a kan bencin shagon, ta jawo bokiti ta fara tara wa Auta ruwa a famfo.

Matar mai gyaran agogo ta dubi 'yan matan biyu, ta dubi mazan da ke tsaye.

"Wai ni kam," in ji ta, "Auta kaɗai ya yi wa a layin nan?"

Ruwa yana ta zuba cikin bokiti. Tela ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa.