Ranar da Aka Naɗa Tankari Koci

Ƙarfe uku na rana ta ɗan gota, ruwa ya ɗauke amma zafi yana nan. Irin zafin nan na Guangzhou mai ɗanshi, wanda mutum zai fito daga wanka ya rasa abin da ya je yi. A gidan abincin Hajiya Fasuma, hawa na huɗu a wani lungu na Sanyuanli, fanka ɗaya ce ke aiki, ita ma juyawa kawai take don kada a ce ba ta yi komai ba.

Mutum huɗu ne a teburin bakin taga. Akwai Munkaila, Bazazzage, mai sarin wandunan jins a kasuwar Shahe. Akwai Ghali, Bakano mai takalma, wanda magana ba ta taɓa wucewa ta gabansa bai tare ta ba. Sai Issa, mutumin Maraɗi, shi ke ɗaure wa kowa kaya ya tura gida. Na huɗunsu Sabiru, ɗalibin jami'a, yakan zo ran Asabar ya ci tuwo ya huta da taliyar makaranta.

Kafin ya zo Sin, Munkaila ya yi shekara goma sha ɗaya yana tsaron gida a ƙungiyar Shaho ta Kaduna, ƙungiyar ƙwallon gora, wasan da ake kira hoki. Haƙorinsa ɗaya na gaba can ya bar shi a fili. Yanzu shekararsa bakwai yana jan buhunan jins, gwiwa ta fara ƙorafi, yaransa kuma sun girma a waya. Da ya ji tsohon kocin Shaho ya ajiye aiki ana neman wani, sai ya ga hanyar komawa gida da mutunci ta samu. Bai yarda da tura takarda ta waya ba, a cewarsa takarda sai an riƙe an shafa hatimi. Ya haɗa wasiƙar neman aiki da duk shaidunsa a cikin ambulan, ya cusa a kwalin wanduna, ya ba Issa ya tura wa ƙaninsa Sha'aban a Kaduna, shi kuma ya kai ofis. Tun daga ranar ya daina sayen shinkafa babban buhu.

Sabiru ne ya ga labarin. Ya ajiye loma ya ɗago wayarsa, ya dubi Munkaila, ya sake duban wayar.

"Yaya Munkaila, Shaho sun fitar da sanarwa."

"Karanta mana," in ji Munkaila, yana gyara zama.

"Sun ce bayan dogon nazari, sun naɗa Tankari Shehu sabon babban koci."

Ghali ya buga tebur har miya ta yi tsalle. "Tankari? Wallahi an kashe ƙungiyar nan! An kashe ta an binne!"

Issa ya ce, "Ka san shi ne?"

"Sai na san shi? Sunan ma kaɗai bai yi kama da na koci ba."

Ghali dai tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa kallon hoki ba, ko a talabijin. Amma shi a wajensa wannan ba dalili ba ne da zai hana mutum ciwon zuciya.

Hajiya Fasuma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Wai wasan nan ba shi ne ƙarti ke bin ƙwallo da sandar tsofaffi ba? Shi ma har koci gare shi?"

"Hajiya, sana'a ce," in ji Munkaila a hankali. "Albashi ake biya."

"To Allah ya sanya alheri," ta ce, ta koma ciki.

Sabiru ya ci gaba da karatu. An ce Tankari ya yi kwas na wata shida a Masar, kuma ya horar da matasa sun ci kofi sau biyu.

Issa ya gyaɗa kai. "To ai ga ta nan. Mutum ya yi karatun abu, ya ci kofi, an ba shi aiki. Mi ya yi saura?"

"Masar?" in ji Ghali. "Ni ma na kwana biyu a filin jirgin Masar ina jiran canji. A ba ni ƙungiya mana."

"Kai ko ƙungiyar 'yan langa aka ba ka, sai ka sayar da su sari," in ji Issa.

Munkaila duk wannan yana ta murza tuwo a hannu har ya yi sanyi. Can ya yi murmushi, giɓin ya fito.

"Tankari yarona ne," ya ce. "Shekara huɗu yana zaman benci a bayana. Bencin nan ya san shi, in wani ya zauna sai ya yi ƙara. Ni na koya masa ɗaura takalmin gola. Ranar farko a juye ya sa."

"Kun ji ko!" in ji Ghali. "Mai sa takalmi a juye shi zai jera mutum goma sha ɗaya. Sabiru, su nawa ne ma a fili?"

"Goma sha ɗaya ne."

"Ka gani, na san wasan nan."

Issa ya ce ai zaman benci ba laifi ba ne, wanda ke zaune ya fi mai gudu ganin fili. Ghali ya ce in haka ne a ba Hajiya aikin, don ita daga kicin take ganin komai. Sabiru ya ce a guruf ɗin magoya baya ma an rabu biyu, wasu na cewa sabon jini ake so, wasu na cewa Tankari surukin wani ne a ofis. Ghali ya karɓe wannan nan take, ya ce tun da farko ya ji warin surukuta, har ya fara lissafa yadda auren ya kasance.

"Ni ba naɗin ne ya dame ni ba," in ji Munkaila, muryarsa ta ɗan canza. "Ko kira ba su yi mini ba. Shekara goma sha ɗaya. Ko su ce Munkaila mun ga takardunka, ka yi haƙuri. Na gaya wa matata Madina ta fara share ɗaki. Yara sun gaya wa 'yan ajinsu."

Ghali ma sai da ya haɗiye lomarsa tukuna.

"Bidiyo za ka yi," ya ce. "Ka faɗa musu gaskiya duniya ta ji. Bazazzage ne kai, na sani, sai an tura ku, to ga shi na tura ka."

Sabiru ya ce guruf ɗin mutum kusan dubu ne, tsofaffin 'yan wasa da 'yan ofis duk suna ciki. Munkaila ya wanke hannu, ya gyara hula, ya ce wa Sabiru ya ɗauka kuma kada ya yanke ko kalma ɗaya.

Ya fara da sallama, ya faɗi sunansa da shekarunsa a raga. Ya nuna giɓi. Ya ce shi ba ya hassada da Tankari, yaro ne mai ladabi, ya iya ɗauko ruwa a kan lokaci. Ya ce amma shugabannin Shaho su ji tsoron Allah, su fito su gaya wa jama'a inda suka jefa takardunsa. Ghali yana gefe yana amsawa da "Ƙwarai!" kamar a wajen wa'azi.

"Kuma ina da shaida," in ji Munkaila. "Ga wanda ya tura takardun da hannunsa. Malam Issa, gaya musu."

Sabiru ya juya waya kan Issa. Issa ya goge baki.

"Wane kwali ne ma, Alhaji?"

"Na wanduna. Wanda na kawo maka sati biyar da suka wuce, na ce akwai saƙo mai muhimmanci a ciki."

Issa ya ciro wayarsa ya yi ta shafawa. Ya tsaya, ya matso da ita kusa da ido, ya sosa ƙeya.

"Alhaji, ka ce mini wanga kwali ta sama za shi?"

"Me zan ce maka? Ba ka san aikinka ba?"

"Na san shi. Ranar da ka fara kawo mini kaya ka ce, Issa, ni kayana duk ta ruwa, ko na manta ban faɗa ba ta ruwa, jirgin sama na masu gaggawar talauci ne. Shekara bakwai ban saɓa maka ba ko sau ɗaya."

Munkaila ya dafe kai.

"Yana ina yanzu?" in ji Ghali.

"Yana bisa teku. In Allah ya yarda nan da sati uku ya kama Legas. Sai kuma fitarwa."

"Ba zai yiwu ba," in ji Munkaila. "Na tambayi Sha'aban, ya ce ba matsala."

Ya danna kiran ƙaninsa ya sa a sifika. A Kaduna safiya ce, ana jin ƙarar cokali a kofin shayi.

"Sha'aban, ambulan ɗin nan ka kai ofishin Shaho?"

"Wace ambulan, Yaya?"

"Wadda na ce tana cikin kwali! Ba kai ka ce mini ba matsala ba?"

"Ai ba matsala, Yaya. Tana isowa zan kai, ko da gudu ne."

Munkaila ya kashe wayar.

Ghali ya yi ƙoƙari, tsakani da Allah ya yi ƙoƙari, har ya cusa hula a baki. Amma dariyar ta fi ƙarfin hular. Ya zame daga kujera yana riƙe ciki.

"Koci yana kan teku! Wayyo Allah, koci na tafe, a jira shi a tashar jirgin ruwa ta Apapa! Tankari zai ci kofi ya yi ritaya kafin kwastan su saki takardunka!"

Hajiya ta sake leƙowa. "Ku yi mini a hankali, lawban na ƙasa zai hau ya ce muna faɗa." Lawban shi ne mai gidan, Basine mai saurin fushi. Da ta ji abin da ya faru sai ta ce, "Ayya Munkaila. Da ka sa wasiƙar a kwalba ka jefa a kogi ma ai da tafiyar ɗaya ce." Ta koma ciki kafaɗunta na rawa.

"Sabiru, kana ɗauka?" in ji Ghali yana share hawaye.

"Ai cewa ya yi kada in yanke."

"Tura! Wallahi tura! Yau guruf ɗin nan zai san an yi naɗi."

Sabiru yaro ne, dariya ta ɗebe shi, ya danna. Sai dai a Sin abin gida ba ya tafiya kai tsaye, sai an bi ta VPN, manhajar zagaye shingen intanet, ita kuma ranar tana jin nauyin jiki. Da'irar turawa ta fara cika a hankali, kamar ana ɗura ruwa a tulu da cokali.

Munkaila ya ga ya danna. Bai ce a tsaya ba. Mutumin da ya gama cewa kada a yanke ko kalma ɗaya, da wane baki zai roƙa? Ya dubi tebur kawai.

"Babban ɗana yana cikin guruf ɗin," ya ce, ba da kowa yake ba. "Ni na sa shi."

Ghali bai ji ba, yana can yana kwatanta yadda ambulan ke amai a jirgin ruwa. Munkaila ya tashi a hankali, gwiwar ta yi ƙara, ya tafi wajen famfo ya sake wanke hannun da ya riga ya wanke.

Issa ya miƙa hannu. "Ɗan makaranta, ara mini in ga yadda na hito. Ban taɓa ganin kaina cikin bidiyo ba."

Sabiru ya ba shi. Da'irar ta wuce rabi. Issa ya danna nan, ya danna can, ya shiga wajen hotuna ya sake dannawa, sannan ya mayar masa da waya.

"Kai! Malam Issa, ka goge! Har na cikin wayar ka goge!"

"Ashsha. Hannuna da maiƙo, ya zame."

"Sau uku ya zame?"

"Miyar Hajiya ce, man ja ya yi yawa."

Ghali ya tashi tsaye yana cewa wannan zalunci ne, an hana al'umma haƙƙinta, ya ce dama mutanen Maraɗi ba su san darajar tarihi ba. Issa ya ja kwanonsa ya ci gaba da cin tuwo.

Munkaila yana bakin famfo, duk ya ji. Ya goge hannu a jikin riga, ya zo ya ɗauki lemarsa a bayan kujera. Ya tsaya daidai kan Issa kamar zai yi magana, sai ya juya wajen kicin.

"Hajiya, sai gobe."

"Allah ya kai mu, Koci," in ji ta daga ciki.

Ya sauka matakala a hankali, yana dafa bango. Issa ya ɗaga kwano ya ce a ƙaro masa miya.