Famfon Gidan Tela

Ranar da aka ja ruwan famfo zuwa gidan Tela, kowa ya yi murna ban da matarsa Auta. Shi kam Tela ba a magana. Ya murɗa ya rufe, ya sake murɗawa, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ja shi tsakar gida ya gani, kai ka ce shi ya haƙa burtsatsen da hannunsa.

"To, kin huta," in ji shi. "Daga yau ke da rijiya sai labari."

Auta ta ce, "Madalla." Amma a ranta ji ta yi kamar ta fasa kuka.

Dalili kuwa, Auta yaya ɗaya tal ta rage mata a duniya, tana auren Mai Niƙa a can ƙarshen ƙauye. Su kuma mazan biyu ba sa ga maciji, tun ranar da akuyar Mai Niƙa ta faɗa shagon Tela ta cinye hannun wata koriyar riga. Tela ya je neman a ba shi haƙuri, Mai Niƙa ya ƙyalƙyale da dariya ya ce laifin wanda ya ɗinka riga mai kama da ciyawa ne. Shi ke nan fa. Kowannensu ya rantse iyalinsa ba za su ƙara taka gidan ɗayan ba. Rijiya ce kawai ta rage wa 'yan'uwan nan, don ba mijin da ya isa ya hana ɗiban ruwa. Can suke haɗuwa kowace safiya, guga ɗaya hira goma.

Yanzu ga famfo ya zo ya yi mata tsaye a ƙofar kicin.

Ta daure, ta daure, har dauriya ta ƙare. Wata safiya kafin a buɗe tankin gari, ta zaro wani ƙyalle daga buhun da ke ƙarƙashin keken ɗinki, ta raba shi biyu da almakashi. Ta kwance kan famfon, ta cusa rabi da tsinke, ta mayar ta ɗaure. Da Tela ya zo wanke fuska, famfo ya yi tari, ya tofa ɗigo biyu, ya yi gum.

"Na faɗa!" in ji Tela, wanda bai taɓa faɗar komai ba. "Aikin 'yan kwangila ke nan!"

"Kash," in ji Auta, bokiti na hannunta tuni.

A rijiya ta tarar da Yaya zaune a kan dutse. Su ma an ja musu famfo. Ita tata dabarar, cewa ta yi ruwansa na murɗa mata ciki, amma jiya Mai Niƙa ya kama ta tana kwankwaɗarsa a kofi. Auta ta danƙa mata ɗaya rabin ƙyallen, ta nuna mata yadda ake yi. Suka yi dariya har da riƙe ciki.

Sun sha daɗinsu kwana da kwanaki. Sai Tela ya gaji da zagin 'yan kwangila ya aika a kira mai gyaran famfo. Ashe Mai Niƙa ma ya aika, kuma can mutumin ya fara biyawa.

Auta na tsaye a ƙofar kicin mai gyara ya kwance kan famfon, ya zura waya, ya jawo tsumma sharkaf. Ya dube shi. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani, ya jera su a kan bulo.

"Ikon Allah," ya ce. "Wannan daga gidan Mai Niƙa na ciro shi. Ban taɓa ganin garin da dattin bututu ke sa kaya iri ɗaya ba."

Wayyo Auta! Cikin buhu guda na ƙyallaye, ba ta tashi zaro komai ba sai ragowar koriyar rigar nan da akuya ta ci. Tela ya tsuguna ya haɗa bakin ƙyallen biyu, suka zauna daram. Mutumin da ya tsufa da almakashi a hannu ba ya bukatar a yi masa bayani.

Ya sallami mai gyara. Famfo na ta zuba a bokiti kamar da gayya. Auta ta sunkuyar da kai. Ba faɗan take tsoro ba, faɗa ai ta saba. Tsoronta kar ya ce ita da rijiya har abada.

"Ke," in ji Tela, bai dube ta ba. "Yayar taki lafiyarta ƙalau?"

"Gwiwa ce ke damunta, Maigida. Ni nake ja mata guga."

"Mai ciwon gwiwa ce ke tattaki har rijiya, ga famfo a gidanta?"

"Ba don ruwa take zuwa ba."

Tela ya yi ta juya tsumman a hannu. Can ya yi tsaki, ya rufe famfon, ya kwance masa kai, ruwa ya fesa masa a fuska, ya cusa tsumman da babban yatsa yana ƙunƙuni, ya ɗaure. Ya murɗa. Ko ɗigo.

"Rantsuwata tana nan, ban janye ba," ya ce, yana share gemu. "Amma famfon nan ya lalace, kowa ya gani."

Ya miƙa mata ɗaya rabin.

"Wannan na gidan mai akuya ne. Ki ce ta tura shi ciki sosai, ku mata ba ku iya aiki ba."

Auta ta karɓa, dariya na cinta, hawaye na zuba. Ta suri bokiti, har ta kai zaure Tela ya ɗaga murya.

"Kuma ki tuna ki dawo da ruwan, mu ma muna sha!"