Rigar Kyaftin

Ranar da Kyaftin ya hamɓarar da gwamnati, siriri ne kamar sandar tsintsiya. Ya hau motar soja da wata tsohuwar rigar kaki, ya yi wa jama'a rantsuwa: ba zai ƙara wa kansa muƙami ba, ba wanda zai ce masa ranka ya daɗe, kuma wannan riga ita zai sa har ya sauka. "Ranar da kuka ga ta yi mini kaɗan," in ji shi, "ku san na ci amanarku."

Tela yana cikin taron, har da hawayensa. Shi ya ɗinka rigar tun Kyaftin yana ƙaramin soja, kuma shi aka ɗauko daga kasuwa aka ba shi ɗaki a fada don ya riƙa kula da ita.

Shekara tara ke nan. Muƙami dai Kyaftin bai ƙara ba, amma tumbi ya ƙi jin umarni. Lokaci-lokaci, in aka kawo rigar wanki, sai Tela ya kulle ƙofa, ya farke ɗinki, ya saki rabin inci. Da rarar yadin cikin ɗinki ta ƙare, ya shiga cusa ƙyalle a hammata, yana goga shi da dutse ya shanya a rana har ya koɗe. Ba don tsoro ya fara ba, don ƙauna ne. Yanzu saura kwana uku bikin cikar juyin juya hali shekara tara, maɓallin cibiya yana neman tashi, ga ƙyalle ya ƙare ƙaf. Irin yadin daga waje ake kawo shi, kuma Kyaftin da kansa ya hana shigo da yadin waje.

"Ka faɗa masa kawai," in ji matarsa. "Kai ka ci abincin da ya yi masa tumbin?"

"Ke, in maɓallin nan ya fita a gaban jama'a, ni za a fara nema."

"To gara a neme ka kana da gaskiya."

Washegari Kyaftin ya shigo gwaji, ya riƙe numfashi kamar yadda ya saba, Tela yana kokawa da maɓalli. Sai Tela ya sauke hannu.

"Ɗan'uwa, rigar nan ta yi maka kaɗan. Ta daɗe da yi. Ni nake ƙara ta."

Kyaftin ya saki numfashi, maɓallin ya yi tsalle ya bugi madubi. Ya daɗe yana kallon kansa.

"Inci nawa?"

"Sha ɗaya."

Tela ya sunkuyar da kai yana jiran tsawa. Gaskiya ma so yake a yi masa tsawar, a mare shi, ko a rufe shi. Da haka zai san cewa saurayin nan da ya yi rantsuwa a kan mota yana nan a cikin Kyaftin.

Kyaftin ya juya ya leƙa bayansa a madubi. "Bayan nan duk yadi ne, ko? Yanke shi ka ƙara a gaba. Ai gabana suke kallo."

Tela ya ɗauki almakashi.

Ranar biki Kyaftin ya yi jawabin awa uku a kan riƙon amana, rigarsa ta zauna masa ɗas, sojoji shida sun jeru a bayansa kafaɗa da kafaɗa don kada a ga fata. Da ya gama, ba halin juyawa, sai ya sauka daga dandamali da baya da baya yana ɗaga hannu. Jama'a suka ɓarke da sowa, wai ga tawali'u. Kafin mako ya zagayo, ministoci duk da baya suke fita daga ofis, ɗaya har ya faɗa kwata.

Matar Tela ta yi dariya har ta riƙe ciki da ya ba ta labari. Ta ɗago ta ga shi ba ya dariya.

"Mene ne kuma, Malam? Ba ka tsira ba?"

"Na tsira," in ji shi. "Ko kunya bai ji ba."