Filtar da Auta Ta Wanke

Auta tana shanya a tsakar gida, Baba yana zaune a kujerarsa ta roba a bakin ƙofa, inda iska ke ɗan ratsowa. Shekara uku ke nan da mahaifin nata ya dawo wajensu da zama, tun da numfashi ya raba shi da aiki. Ya fi shekara talatin yana walda, yanzu kuwa daga ɗaki zuwa bayi sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Abin shaƙar maganinsa kullum yana aljihun gaba kamar biro.

Ta shanya rigunan waldar mijinta Dogo, waɗanda tartsatsi ya huhhuda kamar ɓera ya yi musu dare ɗaya. Sannan ta ciro wasu abubuwa biyu daga bokiti, zagayayyu kamar murfin kofi, ta matse su, ta maƙale a igiya.

"Auta," in ji Baba. "Mene ne wancan?"

"Na takunkumin Dogo ne, Baba. Filta."

"Me ya kai su ruwa?"

"Sun yi baƙi ƙirin. Ka ga yadda suka fita kuwa? Sai da na sa buroshi."

Baba ya fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya naɗe shi har sai da ta kawo masa ruwa. Da ya ɗago, babu sauran dariya a fuskarsa.

"Waɗanda ya fita da su yau fa?"

"Su na fara wankewa, shekaranjiya. Da suka bushe na mayar masa. Bai ma sani ba."

Ta faɗa ne da ɗan alfahari. Tun tana 'yar shekara takwas ita ke wanke tsumman da Baba ke ɗaurewa a hanci in zai yi walda. Kullum da yamma zai miƙo mata shi baƙi, ta wanke, ya ɗaura da safe. Abin da ta sani ke nan: duk abin da mai walda ya sa a hanci, mace mai tsabta ba ta barinsa da dauɗa.

"Yarinya, wannan ba tsumma ba ne," Baba ya ce, yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma. "Ranar da ya sayo shi, nan ya zauna yana yi mini bayani, ke kina kicin. Ba a wanke shi. In ya cika, yarwa ake yi a sa sabo. Ruwa kashe shi yake yi. Ido zai gan shi fes, amma hayaƙi wucewa zai yi kamar ta rariya."

Wata biyu da suka wuce ita ta raka Dogo asibiti, saboda tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Likita ta sa ya hura cikin wani bututu har idonsa ya yi ja, ta dubi takarda, ta ce huhunsa ya fara taɓuwa amma bai yi nisa ba. In ya kare kansa, abin zai iya tsayawa nan. In bai kare ba, ya duba surukinsa. Auta kanta na ƙasa a lokacin, amma ko kalma ɗaya ba ta wuce ta ba.

"Yau kuma tanki ya ce mini zai shiga," in ji Baba. "Na farin ƙarfen nan da ake yi wa shafi don kada ya yi tsatsa. Shi ne mugun. Hayaƙinsa fari ne kamar auduga, kuma a cikin tanki ba shi da inda zai je sai ƙirjinka. Ƙarfe nawa yanzu?"

Goma ta wuce. Tun bakwai ya fita.

Ta kira wayarsa, ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake, ta sake. Ta san inda wayar take: cikin aljihun rigarsa ta gida, a rataye a ƙusa a wajen aikin, don ba ya kama aiki da ita a jikinsa.

"Baba, ka kira wani a wajen."

"Wa zai ji waya a cikin wannan ƙara? Akwai sababbi a leda a kan durowa, na ga yana ta adana su. Ɗauki ki kai masa."

"Ni?"

"To ni zan je?" Ya buga ƙirjinsa da yatsa. "Kafin in kai bakin titi sai dai a kwaso ni."

Auta ba ta taɓa shiga wajen aikin ba. Ko lokacin da Baba ke can, iyakarta bakin ƙofa ta miƙa kwanon abinci ta juya. Ita da ko a layin famfo in an shige gabanta ba ta iya cewa uffan. Ta yafa gyale, ta cusa ledar a jaka, ta fita da silifas ɗin wanki a ƙafarta.

Mai babur ɗin da ta samu mai surutu ne. Yana ta ba ta labarin ramukan titi, ita kuwa lissafi take yi: awa uku. Awa uku yana shaƙa da ƙarfin zuciya, ya amince da abin da ke fuskarsa. Da tsumma ne ma, da ya riƙa fitowa yana shan iska. Ita ce ta ba shi abin da zai sa ya zauna.

Wajen aikin rumfar kwano ce doguwa, ƙofofin ƙarfe da tagogi jingine ko'ina, ƙasa baƙa da guntayen sandar walda. Ƙarar injin gurza ƙarfe ta cika kunne. A can ƙarshe tankin yake kwance a kan katako, ya kai girman ƙaramar mota, da rami ɗaya a samansa. Ta ramin nan farin hayaƙi ke fitowa a hankali, haske shuɗi yana walƙawa a cikinsa. Kusa da tankin ga fanka a kife a ƙasa, an zare wayarta an jona ta injin gurza.

Wani gajeren mutum mai tabon ƙuna a hannu ya ɗaga gilashin fuskarsa. Gajere ne, abokin aikin Dogo, yakan zo gida duba Baba.

"A'a! Yau manyan baƙi muka yi. Matar oga da kanta! An zo ganin ko da gaske aiki yake zuwa?"

Maza uku suka juyo suna murmushi. Auta ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Me kika ce?"

"A kira shi."

"Dogo? Yana kan layin walda, ba a katse mai walda a tsakiyar layi, ɗinkin ƙarfen ɓaci yake yi. Zauna ga benci. Minti ashirin ya fito."

"Don Allah yanzu."

"Kai, soyayya! Ku ji fa, minti ashirin ma ta yi mata yawa."

Suka kwashe da dariya, Gajere ya sauke gilashinsa ya koma kan ƙofar da yake haɗawa. Auta ta tsaya da jaka a ƙirji. Ta matsa kusa da tankin ta kira, muryarta ko ita kanta ba ta ji ba. Ta buga jikinsa da tafin hannu, zafi ya sa ta janye. Hayaƙin ya taɓa mata maƙogwaro, wani ɗaci mai kama da zaƙi, ta yi tari. Daga waje ke nan.

Sai idonta ya faɗa kan baƙar waya mai kauri da ta fito daga bakin tankin. Ta bi ta da ido, ta zagaye ƙafar benci, ta wuce ƙarƙashin wata taga, ta ƙare a jikin wani jan inji mai gurnani. Irin na Baba ne sak. Ta sha ganin inda yake kai hannu in ya tashi aiki. Ta je, ta runtse ido, ta danna.

Hasken cikin tankin ya mutu. Mai gurza ƙarfe ma ya tsaya don mamaki. Wurin ya yi tsit.

"Wane ɗan iska ne ya kashe mini inji?"

Muryar ta fito daga tankin kamar daga rijiya. Kan Dogo ya ɓullo ta ramin, ya ture gilashi sama, ya ga matarsa tsaye kusa da inji da silifas ɗin wanki. Nan take ya diro ƙasa, ya fizge takunkumin.

"Baba ne? Auta, Baba ne?"

"Baba lafiyarsa lau." Duk maza huɗun ita suke kallo. "Ni ce. Na wanke maka filta."

"Kin me?"

"Waɗanda ke fuskarka. Na wanke su da sabulu da buroshi. Ban sani ba."

Wani ya tuntsire da dariya, Gajere ya riƙe ciki. "Oga, ka dace da mata! Gobe injin ma za ta haɗa da shi ta shanya."

Dogo bai yi dariya ba. Ya juya takunkumin ya leƙa cikinsa, ya shafa da yatsa, yatsan ya fito da toka-toka. Gefen hancinsa ma haka.

"Shi ya sa," ya ce a hankali. "Tun ɗazu bakina kamar na tsotsi ƙusa. Na ce ko yunwa ce. Kuma na ji numfashi na shiga da sauƙi, har ina yabon abin."

Ta miƙa masa ledar da hannu biyu, ba ta iya kallonsa ba. Ya karɓa, ya yage ta da haƙori.

"To shi ke nan, kin kyauta da kika zo. Saura layi biyu, bari in sa waɗannan in ƙarasa. Gajere, raka ta ta samu babur."

"A'a."

Ita kanta ba ta san ta faɗa da ƙarfi haka ba.

"Auta, mutane na jiran tankinsu."

"Su jira. Asibiti za mu."

"Wane irin asibiti kuma?" in ji Gajere. Ya riga ya ɗauko gwangwanin madara daga kan taga yana huda shi da ƙusa. "Ga maganin farin ƙarfe nan. Ya shanye wannan, ta wanke masa ƙirji tas. Haka muka tarar ana yi."

"Baba ya sha madara," Auta ta ce. "Ni nake sayo masa. Kullum gwangwani ɗaya, har na yi aure. Ka zo gida ka ji yadda yake numfashi. Madara ciki take zuwa, Gajere, ba huhu ba."

Gajere ya dubi gwangwanin, ya ajiye shi a kan benci. Dogo ya buɗe baki zai yi magana, tari ya riga shi. Ya duƙa, hannu bisa gwiwa, ya yi ta yi, busasshen tari mai fito a ƙarshe. Auta ta san wannan fiton, da shi take tashi kullum a gida. Da ya miƙe, ya share ido da bayan hannu, ya ce wa Gajere ya miƙo masa rigarsa daga ƙusa.

Sun daɗe a layi kafin su shiga. Likitar ta saurari ƙirjinsa gaba da baya, ta maƙala masa wani abu a yatsa, ta tambayi awa nawa ya yi a cikin tankin. Da ta ji uku, ta ajiye biro.

"Fanka fa?"

"An ari wayarta," in ji Dogo.

"Ko da sabuwar filta, ba a shiga tanki babu abin da ke fitar da hayaƙi. Kuma farin shafin da ke jikin ƙarfen, a gurje shi daga inda za a ɗinka tun kafin a kunna wuta. Kun fi ni sani, gaggawa ce ke cin ku." Ta juya wajen Auta. "Zuwa yamma zazzaɓi zai iya rufe shi, da rawar ɗari da ciwon jiki. Yakan sauka cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma in kika ga numfashi na yi masa wuya, ko leɓensa ya sauya launi, kada ki jira komai, ki kawo shi."

"Huhun fa?" Auta ta tambaya, idonta a kan tebur. "Ya ƙaru?"

"Yau ba zan iya sani ba. Bayan mako uku ya dawo ya hura, mu gwada da na baya."

Suka fito rana na dukan tsakar ka. A bakin titi Dogo ya ce shi dai daga yau ko cokali aka ba shi a gida sai ya tambaya ko an wanke, ya yi 'yar dariya, ya dube ta ko za ta taya shi. Ba ta taya shi ba. Hannayensa take kallo. Ya rungume ƙirjinsa da su a cikin wannan zafin, haƙoransa sun fara haɗuwa. Ta cire gyalenta ta yafa masa a kafaɗa a gaban mutane, ta shiga titi da kanta tana ɗaga wa motoci hannu.