Farantin Shanyar Kuɓewa

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, wani mai gidan kallo a Gwarzo ya rufe harka, Malam Uwaisu ya sayi ƙaton farantin satalayit ɗinsa a arha ya kai gidansu a Kabo. Malamin kimiyya ne, ba fim ya dame shi ba. Ya karanta cewa can bayan taurari akwai wasu dunƙulallun wurare masu fitar da igiyar rediyo, shi ne ya ci alwashin kama ɗaya da 'yar mitarsa da batirin mota.

Wata biyu malamai na yajin aiki, shi kuma yana ta juya farantin gabas da yamma, allurar mitar ko gezau. Gari kuwa ya ɗauki magana, wai ɗan Alhaji Hammadu ya kawo kallon banza gida. Alhaji ya ba shi zuwa Juma'a ya fitar da abin.

Mahaifiyarsa Inna Marka ba ta iya ganin abu mai faɗi yana zaman banza. Ta sa aka kwantar mata da farantin, fuskarsa sama, ta baza kuɓewa.

Ran Talata da hantsi Uwaisu ya zo kwance wayoyi, ransa a ɓace, sai ya ga allurar ta ɗaga a hankali ta sauka. Tara da minti goma sha biyu. Laraba ta maimaita a tara da takwas, Alhamis a tara da huɗu. Murna ta hana shi cin tuwo. Ashe abin da yake nema ta saman kansu yake wucewa kullum.

Ran Juma'a ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, ka zo ka gani. Tara daidai za ta motsa."

Alhaji ya zo fuska a murtuke, da agogo a hannu. Tara na cika allurar ta ɗaga.

"Kullum tana rage minti huɗu," in ji Uwaisu.

Alhaji ya sake duban agogonsa. Da kiwo ya tashi, ya san sama.

"Haka taurarin Kaza da 'Ya'yanta suke, kullum ƙara sammako suke yi." Ya ɗaga kai, babu komai sai hasken rana. "Ikon Allah. Da rana tsaka kake jin su?"

Ya jawo tabarma ya zauna kusa da mitar.

"Gobe ƙarfe nawa?"