Kitson Tsveta da Hankicin Babanta

A wani ƙauye cikin duwatsun Rodopi akwai gida mai mutum huɗu: Stoil makiyayin tumaki, da 'yarsa Tsveta mai shekara takwas, da mahaifiyarsa Kaka Donka, da ƙanensa Lazar, malamin kimiyya. Suna da madara da cuku da rufin da ba ya yoyo. Uwar gida ce babu, domin mahaifiyar Tsveta ta rasu tun yarinyar tana ƙarama. Ciwon gaɓɓai kuma ya kama yatsun Kaka, shi ya sa Stoil ne ke yi wa 'yarsa kitso kowace safiya.

Tsveta ta riga ta zaɓi wadda take so ta zama uwarta: Nevena mai gidan burodi. Sai dai wani dogon direban tirela mai gashin baki yana ta zarya a wurinta. Stoil kuwa gajere ne, in ya ga Nevena sai ya sayi burodi ya fita, ko uffan.

Da safiyar bikin Waliyyi Georgi, ana gasa rago, Lazar ya ce, "Yaya, kimiyya ta gama magana. Mace tsawo take dubawa da faɗin kafaɗa. Dubi dawisu, jelarsa ce ke yi masa aure. Kai ina taka jelar?"

"Kai da ka san duk wannan, ina matarka?" in ji Kaka.

"Ina kan bincike, Inna."

"To, bincika da kyau." Ta miƙa wa Stoil farin hankici. "Sa a hammata. Ka yi rawa har ka jiƙe, sannan ka share wa Nevena fuska da shi. Da haka ubanku ya same ni."

"Inna, ni fa da tumaki nake wuni."

Lazar ya sosa ƙeya. "Gaskiya zancen ƙanshin jiki ma yana cikin littafi."

Tsveta ta tsaya a kan babanta har sai da ta ga hankicin ya shige.

Da azahar mai algaitar fata ya fara busa, mutane suka kama hannun juna suka yi da'ira a dandali. Tsveta tana rawa, idonta na kan babanta. A hankali yake matsawa, har ya zama shi ne ke riƙe da hannun Nevena. A daidai nan zaren kitson Tsveta ya tsinke, gashi ya rufe mata ido, ta yi tuntuɓe ta faɗi.

Stoil ya saki hannun ya fito. Nan take direban ya shige gurbinsa.

"Baba, koma! Ba abin da na ji!"

"Tsaya cak, 'yar nan."

Ya durƙusa, ya kakkaɓe mata gwiwa, ya raba gashin uku, yatsunsa suka shiga aiki. Da ya rasa abin ɗauri, sai ya zaro hankicin ya ɗaure kitson da shi. Tsveta ta ji kamar ta yi kuka: an ƙarar da dabarar Kaka a kanta.

"Me ke wari haka kamar rago ya sha ruwan sama?"

Nevena ce tsaye a kansu, ta bar direban can yana rawa da wata tsohuwa. Ta kwance hankicin da yatsa biyu, ta cire jan zaren da ke nata gashin ta ɗaura wa Tsveta a madadinsa.

"Stoil, da ka fara kitson nan, kamar igiyar ɗaure jaki yake. Kullum in ta zo sayen burodi sai na duba. Na ce ranar da ya miƙe, mai yin sa ya isa a saurare shi. Ya miƙe tun bara. Kai ne ka ƙi buɗe baki."

"Ai... ban san ana dubawa ba."

"Ana dubawa. Ku zo cin banitsa, burodin nan mai cuku da nake gasawa, ranar Lahadi. Amma ka wanke wannan abin."

A hanyar gida Kaka ta ce hankicinta ne ya yi aiki, tunda warinsa ne ya jawo Nevena. Lazar ya ce ai wannan ma yana cikin wani babi da bai kai ba tukuna.

Tsveta tana bayansu tana shafa jan zaren. Ta gane cewa Anti Nevena ta daɗe da zaɓa, kuma wannan kitson da Baba ke yi ne ya nuna wa Nevena ko wane ne shi.