Jan Kifi a Randar Asama'u

Asama'u ba ta roƙi kowa kifi ba, wannan a fara saninsa. Tana tsugune da sassafe tana hura wuta, Malama Comfort ta ɗakin kusa da nata ta fito da jaka a kafaɗa, rungume da wata kwalba mai faɗin baki, ta dire mata a gaba. A ciki wani ɗan kifi ne ja jawur, bai wuce tsawon yatsa ba, jelarsa kamar an yago gefen mayafi.

Comfort ta ce uwarta ce ba lafiya a Kaduna, za ta bi ayarin motocin da sojoji ke rakawa, kwana uku kawai za ta yi. Ta miƙa mata ɗan gwangwanin abinci, ta ce abin da yatsa biyu suka tsinta ya isa, sau ɗaya a rana, kada ta ƙara ko da ya yi mata kallon yunwa. Asama'u ta tambaye ta yaushe zai isa ci. Comfort ta yi dariya, ta ce ba a cinsa, kallonsa ake yi.

"Kallo," in ji Asama'u. "Mutane na kwana da yunwa, ke kina ciyar da abin kallo."

"Mama, amana dai na ba ki."

Da ba ta ce amana ba, da tsohuwar ta ce ta kwashe tarkacenta. Amma ta faɗa, kuma ta wuce da sauri, mutanen gidan duk ba wanda ya tashi balle ya gani. Wata biyu ke nan da malamar makarantar ta kama ɗakin, kullum labulenta a sake, ba wanda ya san tana da wani kifi.

Ita ma Asama'u baƙuwa ce a gidan. Shekara biyu da suka wuce 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauyensu, can bayan Gwaska, ta shigo Birnin Gwari da ƙullin kaya a ka, ta kama ɗaki a gidan hayar Shafi'u mai katako. Daddawa da kuka take sayarwa a bakin ƙofa. Ba ɗa a kusa, ba jika, ga baki ba ya ɓoye magana.

Kwana uku suka wuce, Comfort shiru. Aka ce an tare hanya a cikin daji, an dakatar da rakiya sai abin da hali ya yi. Sabis ɗin waya ma aka ɗauke shi gaba ɗaya, kowa ya ajiye wayarsa sai dai haska ɗaki. Ga bazara ta kama, rufin kwano na zubo zafi. Ruwan kwalbar ya yi ɗumi, kifin ya taso sama yana buɗe baki yana rufewa. Asama'u ta kai shi ƙarƙashin gado, ta dawo da shi bayan ƙofa, ta jiƙa tsumma ta naɗe kwalbar, har fifita ta yi masa da mafici. Ta zauna wajen daddawarta, ta kasa zama, ta tashi ta leƙa. Ta koma, ta sake tashi. Mai sayen kuka sai ya yi sallama uku kafin ta fito tana masifa.

Sai ta tuna a ƙauyensu kowace rijiya da tarwaɗarta a ciki, shekara da shekaru, ba ta taɓa jin zafi ya kashe ɗaya ba. Ruwan ƙasa sanyi gare shi. Ta juye kifin a randarta da ke ƙarƙashin rumfa a bakin ɗaki, ta koma shan ruwan jarka. Kafin la'asar ɗan banzan ya warware, yana zagaye randar kamar gidan ubansa. Ta sa masa suna Jatau.

Kuskurenta ɗaya ne: ta rufe randar da faifai, ta bar moɗa a kai yadda ta saba. Randa kuwa in da moɗa a kanta ta kowa ce. Yaro ko babba, duk wanda ƙishi ya kama, ba ya neman izini.

A rana ta goma sha biyu gwangwanin ya ƙare. Ta gwada tsakin masara, ruwa ya yi fari. Ta gwada garin ƙuli-ƙuli, mai ya taso, Jatau ya ƙi ko kallonsa. Daga baya ta gano gara yake so, da 'yan tsutsotsin sauro da ke wutsil-wutsil a cikin tsohuwar taya bayan gida. To sai matan gidan suka fara ganin tsohuwa tana kankare gara daga jikin katanga, tana kamfato tsutsa da ludayi, ta zo ta sunkuya a kan randa tana magana ƙasa-ƙasa: ci mana, Jatau, kada ka mutu a hannuna ka ja mini abin kunya. Ba wadda ta tambaye ta. Da an tambaye ta da ta faɗa.

Muslimat, 'yar Shafi'u mai shekara bakwai, ita ta dawo daga islamiyya da ƙishi ta ɗaga faifan ta sha. Ta ruga ta gaya wa uwarta, Zakiyya, cewa akwai wani jan abu mai ido a randar Iya, kuma ya kalle ta. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya kwantar da yarinyar, jiki kamar garwashi, tana sambatu tana kiran jan abu.

A bakin rijiyar unguwa Zakiyya ta faɗi maganar, da hantsi, mata sun kai goma. Ta ce tsohuwar nan mayya ce, ta kama kurwar 'yarta ta mayar da ita kifi ta ɓoye a randa. Wa ya taɓa ganin kifi ja? Wa ya san abin da ya kore ta daga ƙauyensu? Asama'u tana nan tsaye da guganta a hannu. Ta ce kifin Malama Comfort ne. Wata ta ce ai dole ta laƙa wa wadda ba ta nan. Matan suka janye bokitansu daga kusa da nata.

Ranar ba wanda ya sayi daddawa. Washegari ma haka. Yara suka koma bin ɗaya gefen lungu.

Shafi'u ya zo da kansa, ya tsuguna daga nesa, ya gaishe ta da ladabi. Ya ce shi bai ce komai ba, amma hankalin mata ya tashi. Abin da ake so ƙarami ne: ta zo ta tsallake yarinyar sau uku, yadda aka saba, in akwai wani abu ya sake ta, in babu shi ke nan. Me zai rage mata?

"Sunana zai rage," in ji Asama'u. "Wadda ta tsallake ta amsa ke nan. In yarinya ta tashi ku ce na sake ta, in ta mutu ku ce na cinye. Ka kai 'yarka asibiti, Shafi'u."

Ya ce to in ba za ta tsallake ba, gara ta nemi wani ɗakin kafin Juma'a, don ba zai iya tare mutane ba in suka zo. Ta ce ɗakinsa ba aljanna ba ne, amma ba za ta fita da wannan suna a ka ba. An kore ta daga gida sau ɗaya da bindiga, ba za a sake korar ta da baki ba.

Abin haushi, yanzu duk gidan ba mai tsoron mutuwar Jatau kamar Zakiyya. A wurinta ai 'yarta ce ke iyo a randar. Ta hana kowa taɓawa, tana leƙe daga ƙofar ɗakinta, da ta ga tsohuwa ta nufi randa da gara sai ta fashe da kuka, wai ana ciyar da 'yarta ƙwari. Ranar Laraba Asama'u ta zaga bayan gida neman tsutsa, ta dawo ta tarar da ruwan randa fari fat. Zakiyya ta faki ido ta tuttula kunun gyaɗa da madara, abin da Muslimat ta fi so. Jatau na kwance a gefe ɗaya a saman ruwa, bakinsa na motsi da ƙyar.

Asama'u ba ta tsaya zagi ba, ta ajiye shi sai an gama. Ta kamfato kifin da ƙoƙo, ta daka wa Zakiyya tsawa ta kawo ruwan rijiya da ya kwana, ba na jarkar da aka sa wa magani ba. Zakiyya ta ruga ta kawo. Su biyu suka durƙusa a kan roba ɗaya, tsohuwa na ɗebo ruwa tana zubowa daga sama a hankali don iska ta shiga, ɗayar na kuka tana kiran sunan 'yarta. Aka daɗe. Can jelar ta motsa, Jatau ya mirgina, ya miƙe, ya yi ƙasa.

Zakiyya ta ce alhamdulillahi. Asama'u ta ce saura kaɗan ta kashe kifin mutane da jahilci, ga 'yarta can a ɗaki tana ƙonewa ita tana nan tana shayar da kifi kunu. Ta wanke kwalbar Comfort, ta mayar da Jatau ciki, ta yafa mayafi, ta ɗora kwalbar a ka ba tare da ta rufe ba. Ta bi tsakiyar lungu, ta bi ta bakin rijiya da gangan, kowa ya gani, har zauren mai unguwa. Shafi'u da matarsa suka biyo ta, jama'a suka biyo su.

Ta dire kwalbar a gaban mai unguwa, ta ce ranka ya daɗe, ga mayyar ga kurwar, a yi shari'a. Ta ce ita ba ta yi boko ba, ba ta san inda ake kai ƙara a rubuce ba, amma ta san an ɓata mata suna a gaban mata goma. Ta ce a kira Timothy mai kemis na bakin kasuwa, cocinsu ɗaya da Malama, in akwai wanda ya san kayan ɗakinta shi ne.

Timothy ya zo, ya leƙa kwalbar, ya yi dariya har sai da ya ga ba mai taya shi. Ya ce shi ya riƙo wannan kifin a leda a kan cinyarsa tun daga Kaduna, ƙanen Malama ne ya ba shi saƙo. A can a bakin titi ake sayar da su, ja da fari da mai ɗigo-ɗigo, masu kuɗi na sa su a falo. Sannan ya tambayi kwana nawa yarinyar ta yi da zazzaɓi. Da aka ce biyar, dariyar ta ɗauke. Ya ce wa Shafi'u ya bar zancen kifi, ya ɗauki 'yarsa ya kai ta asibiti yanzu-yanzu, kafin ta fara jijjiga.

Shafi'u ya fita da gudu. Mai unguwa ya gyara zama, ya ce to gaskiya ta fito, Iya ta yi haƙuri, zaman tare ne, Zakiyya ta ba ta haƙuri a nan a wuce wurin.

"Ranka ya daɗe, ba a nan ta faɗa ba," in ji Asama'u. "A bakin rijiya ta faɗa, da hantsi. Can za ta je ta ɗauke kayanta."

Aka yi ta ba ta baki. Kullum haka ne, wanda aka cuta shi ake tara wa jama'a a ce ya yi haƙuri. Ta ƙi tashi. Ta ce ita da kifin nan za su kwana a zauren in ta kama. Mai unguwa ya gaji, ya ce a bari yarinya ta tashi, sannan a yi yadda ta ce.

Zazzaɓin sauro ne, ya ci jiki sosai, sai da aka yi ƙarin ruwa. Kwana huɗu Asama'u ba ta da sukuni, ta leƙa kwalba, ta leƙa ƙofar gida. Ta san in yarinyar ta mutu, shaidar Timothy ba za ta hana kowa magana ba. Ran na biyar Muslimat ta shigo gida da ƙafarta, ta rame, tana neman ƙosai.

Washegari da hantsi Asama'u ta riga kowa zuwa rijiya, ta zauna a kan bokitinta har mata suka taru. Zakiyya ta zo, kai a sunkuye, ta yi wata magana a cikin mayafi.

"Kunnena ya tsufa," in ji Asama'u. "Ranar da kika ce mayya ai na ji ki sarai."

Zakiyya ta ɗaga murya. Ta ce ƙarya ta yi wa Iya, kifin Malama ne, 'yarta sauro ne ya cije ta, a yafe mata. Wasu matan suka koma kallon ƙasa, har da wadda ta ce an laƙa wa wadda ba ta nan.

Asama'u ta ciro moɗarta daga cikin zani, ta cika da ruwan da ta zo da shi daga randarta, ta miƙa. Zakiyya ta dubi moɗar, ta dubi matan, ta karɓa ta shanye. Tsohuwar ta sake cikawa ta miƙa wa ta kusa da ita. Sai da moɗar ta zaga su duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Hanya dai ba a buɗe ba har yanzu, Comfort ba labari. Asama'u ta koma gida, ta sami wuri mai sanyi a bayan randa ta ajiye kwalbar, ta lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Wata mata ta yi sallama tana son daddawa. Ta ce ta jira, ta ɗauki wuƙarta da ƙoƙo ta nufi katanga, don tun safe Jatau bai ci komai ba.